Yadda Za Ka Rama Fushin Matarka a Addu'ar Safe

Ɗan'uwa, idan ka yi wa matarka laifi kuma bakinka ya yi nauyin cewa "yi haƙuri", ka zo inda ya dace. Shekarata goma sha tara da aure. Bi matakan nan, ina tabbatar maka za ka amayar da duk abin da ke ranka ba tare da ka dube ta ba, ita kuwa ba ta da abin cewa sai Amin.

Mu ɗauka laifinka irin nawa ne. Ranar Lahadi matarka ta rera waƙa ita kaɗai a coci, karo na farko, bayan wata biyu tana koyo a kicin. A baiti na biyu murya ta maƙale. Da rana kai kuma ka kwaikwaye ta a gaban baƙi, aka yi dariya har da riƙe ciki. Yau kwana huɗu ba ta ce maka uffan ba, ta kuma aika wa shugabar mawaƙa cewa ita da waƙa har abada.

1. Zaɓi fili

Addu'ar safe ce kaɗai wurin da ba za ta tashi ta bar ka da baki buɗe ba. Bari yara su tafi makaranta, sannan ku zauna a falo: kai, ita, da mahaifiyarka da ke zaune tare da ku. Gyara murya, ka sa ta yi kauri kamar ta fasto.

2. Kada ka kama suna

Allah ya san kowa, me ya kai ka ambaton suna? Ka ce "waɗansu". Misali: "Ya Ubangiji, ka taɓa zuciyar waɗansu da ba su san wasa ba." Ku uku ne a falon, Mama kuma ta haura saba'in, ba ta fushi da kowa. Saƙo ba zai ɓata hanya ba.

3. Tuba a dunƙule

Kada ka kuskura ka ce "na yi zunubi". Ka ce "mun yi". Kalmar "mu" bargo ce mai faɗi, tana rufe mutum har ƙafa. "Ka gafarta mana, gama dukanmu mun kasa." Ka ga ka tuba ke nan, ka kuma raba laifin gida uku, har Mama ta samu kasonta ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

4. Leƙa da ido ɗaya

Mai hikima yana duba inda maganarsa ta sauka. Idan ka ga leɓen matarka ya motsa, ci gaba. Idan ka tarar da idon Mama a kanka, rufe naka da sauri, ka ƙara "Haleluya".

5. Shanye martani

Gobe ita za ta yi addu'a, kuma kada ka ɗauka ba ta iya ba. Tawa cewa ta yi: "Ya Uba, mun gode da ka ba waɗansu baiwar ba da dariya. Ka nuna musu inda ake buƙatarta, don ba a gidan nan ba ne." Amsa Amin da ƙarfi, kamar da maƙwabci take.

6. Kada ka bari Mama ta karɓi addu'a

Nan ne ni na faɗi, shi ya sa nake ja maka kunne. Rana ta shida Mama ta ajiye kofin shayi ta ce, "Yau ni zan yi."

"Ya Ubangiji," in ji ta, "yaran nan sun mai da kai ɗan aike, daga wannan kujera zuwa waccan, alhali gwiwoyinsu na gugar juna. Ka yi haƙuri da su. Ni zan yi shiru. In akwai mai magana da kai tsakani da Allah, ga fili."

Na lalubi "waɗansu" a bakina, na rasa. Can matata ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba da muryar faɗa ba.

"Ya Uba, na ji kunya ranar nan. Dominka na yi waƙar, na so ta yi kyau."

Kwana shida ina addu'a, ban faɗa wa Allah gaskiya ko guda ba, ita ta faɗa a numfashi ɗaya. Na buɗe ido duka biyu.

"Maman yara, ni ne. Ni na yi miki dariya. Ki yi haƙuri."

"Rufe idonka, Baban yara," ta ce tana share hanci, "ba a gama addu'a ba."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin abin da zai biyo baya. Idan ka yi hawaye a gaban mahaifiyarka, ka makara buɗe shago, ko ka tsinci kanka kowace Alhamis a bencin baya na coci kana riƙe da jakar matarka har a tashi koyon waƙa, ba ni na aike ka ba. Mai ƙorafi ya kai wa Mama. Ni ma har yau ban iya haɗa ido da ita ba.