Yadda Za Ka Kori Ƙurajen Fuska Kafin Ka Je Gaida Surukai

Kai da ƙuraje suka yi wa sansani a goshi, ga shi ana jiranka gidan surukai, matso kusa. Hanyar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ita Jabir, malamin firamare a Safana, ya bi da zai je Ruma neman a sa masa rana da Ramlat, kuma har yau ana maganarsa a garin.

1. Sayi maganin, ka toshe kunne

Mai kemis zai miƙo maka man shafawar nan, benzoyil. Zai ce maiƙo da matacciyar fata ne ke toshe ƙofofin gashi, ƙwayoyin cuta su samu masauki; shi kuwa man ya kashe su, ya rage maiƙon, ya buɗe ƙofar. Zai ƙara da cewa a shafa ɗan kaɗan, a yi haƙurin makonni, kuma kada ya taɓa kaya mai launi don yana cinye rini. Gyaɗa kai kawai. Shi ai ya riga ya yi aure.

2. Lafta

Abin da kaɗan zai yi a wata, da yawa zai yi a yini. Jabir ya lafta kamar mai yaɓen rumbu. In fuskar ta yi ja tana raɗaɗi, kada ka damu, ƙurajen ne ke kuka.

3. Hau babur da tsakar rana

Man ba ya shiri da rana, fata kan ƙone. To, sai me? Suruki na son wanda ya sha wuya domin 'yarsa.

4. Ƙara bayan alwala

Ruwa ya wanke maka aiki, za ka tsaya kallo? Jabir ya laɓe bayan zaure ya sake laftawa. Alhaji Sammani, mahaifin Ramlat, don karramawa ya shimfiɗa masa koriyar dardumar da ya zo da ita daga Makka, wadda ko 'ya'yansa ba sa takawa. Tsawaita sujada, ana kallonka.

5. Bar musu abin tunawa

Washegari sai ga farin tambari a kan dardumar: ga goshi, ga hanci. Ran tsohon ya ɓaci ƙwarai. Inno, uwar yarinyar, ta ɗaga dardumar a haske.

"Alhaji, mi ya ci ta haka?"

"Goshin surukinki."

"Goshin da ya ci dardumar Makka a salla ɗaya, mi zai yi ma zannuwan gadon ɗiyata?"

Da yamma saƙo ya iske Jabir a Safana: za a sa rana in goshinsa ya daina cin kayan mutane.

Gargaɗi

In fuskarka ta saɓule ko dardumar surukinka ta koɗe, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Na yi alkawarin ƙuraje za su tafi. Ban ce Ramlat za ta zauna jira ba.