Sarauniyar Kakana Ta Yi Ritaya

Kakana Malam Badaru, tun da ya ajiye aikin masinja a ma'aikatar gwamnati, ya koma Kurudu ya jera amyar ƙudan zuma a bayan gida, ɗan filin da masu gine-gine ba su kai ga haɗiyewa ba tukuna. Bana ɗorawa da kaɗanya sun fara fure, kowace amya ta cika da 'ya'ya, ban da babbar da ya fi ji da ita. Sarauniyarta ta tsufa, ƙwai ya ja baya. In ba a sauya ta yanzu ba, fure zai wuce, amyar ta mutu. Shi ne ya aike ni Mararaba wurin wata Madam Christina mai kiwon sarauniyoyi. Na dawo da sabuwa cikin ɗan keji kamar kwalin ashana, na same shi zaune kan turmi.

"Lafiya lau nake, kafin in gan ka," in ji shi. "Kai dai ka ji kunya. Tun hantsi aka aiki mutum Mararaba, sai ka ce Makka ya tafi a ƙasa."

"Gosulo ne, Tsoho. Kai ina ka san shi, rabonka da titi tun ana zuwa ofis a kan jaki."

"Miƙo mu gani, Audu. Allah ya sa ba ƙuda ka kamo min a mahauta ba."

"Ƙuda? Wannan 'yar gayu ce. Kafin ka idar da alwala ta cika saƙa da ƙwai. A gaban mota na zaunar da ita, ni na maƙale a ƙofa tare da kwandasta."

"Da dai ƙarya sana'a ce, da yanzu kana da bene a Maitama."

"Madam ta ce a fara cire tsohuwar, sannan a rataya kejin a ciki. Kar a buɗe sai sun saba da ƙamshinta, in ba haka ba su taru su kashe ta."

"Ni za ka koya wa? Ina shan harbin zuma tun ubanka yana yawo ba wando."

Ya hura hayaƙi, ya ɗaga murfin amyar, yana zaro saƙa yana dubawa. 'Ya'yan kuwa tsilli-tsilli, nan ɗaya can ɗaya, kamar haƙoran bakinsa. Na faɗa masa haka. Bai kula ni ba, don ya gano tsohuwar sarauniyar. Ya ɗauko ta da yatsu biyu, fukafukanta duk sun yage. Ya tsaya yana kallonta.

"To matse ta mana, Tsoho."

"Yau wace rana ce?"

"Asabar."

"Ba a kisa ran Asabar."

"A wane littafin?"

"Wanda ka gudu daga makaranta kafin a zo kansa."

"Haba! Mutumin da ke yanka ragon layya yana hira, shi ne ƙwaro ya gagare shi?"

"To zo ka matse, jarumi. Me kake yi a bayan tankin ruwa da bokiti a ka?"

"Tsaro nake kula da shi. Kowane babban aiki sai da jami'in tsaro."

"Matsoracin banza. Ɗan akuya ma ya fi ka zuciya."

"Na ji. Amma wa ya kasa matse ta yanzu?"

Na ɗaga bokitin na leƙo. Har yanzu tana tsakanin yatsunsa, bai matse ba.

"Audu, da ƙafarta ta zo," in ji shi a hankali. "Watan da aka sallame ni, ina zaune nan ban san abin da zan yi da kaina ba, ta sauka da jama'arta a mangwaron can. Ita ta ba ni aikin yi. Zumarta ka sha har ka yi wannan ƙaton kan."

"Au, ashe ƙungiya ce. Tsofaffi biyu sun haɗa kai za su kashe amya."

"Ka kiyaye ni, ja'iri."

"Gaskiya ce ai. In ka mayar da ita, kafin ruwa ya sauka babu ita, babu jama'arta. Ga baƙuwa na riƙe tana jiran kujera."

"Na sani."

"To a ba ta fansho mana! Ku da gwamnati ta gaji da ku, matse ku ta yi? Gida ta turo ku, ku zo ku addabe mu."

Ya dube ni, ya dubi sarauniyar, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Kai, ashe kan nan ba ruwa ne zalla a ciki ba!"

Ya aike ni na ɗauko wani ƙaramin akwati a zaure. Ya sa saƙa biyu da 'yan ma'aikatanta, ya ajiye ta a tsakiya, ya toshe ƙofar da tsumma. Sannan ya karɓi kejin sabuwar ya rataya a babbar amya, ya yi bisimilla ya rufe. Ya ɗauki akwatin ya dangwara min a hannu.

"Ungo. Na ba ka ita halak malak."

"Ni? In kai ta ina? Ɗaki ɗaya nake haya a Nyanya!"

"Wanda ya yanka fansho ai shi ke biya."

"Oga mai gida zai kore ni, Tsoho!"

"Ya daɗe yana neman dalili. Ka taimaki bawan Allah."

Ya shiga ɗaki yana dariya, ya fito da kwalbar zuma ya cusa min a aljihu.

"Yauwa, ko kai fa. Wannan ta shayi ce?"

"Ta shafawa ce. Ka ajiye kusa, da safe za su fito gaishe ka."