Takalmin da Aka Auna da Tsinken Tsintsiya

"Lafiya lau, tsohuwa. Ya ƙafar taki?"

"Tawa da sauƙi. Taka ce ke neman addu'a."

Kaka tana zaune a bakin gado, jikanta Dogo ya tsaya mata a ƙofar ɗaki yana baza ƙamshi. Yau ne karon farko da zai wakilci shagon yadin mahaifinsa a zaman manyan dillalai. Farar shadda ta sha guga, hula ta zauna daram, har kan tsohuwa ya fara kumbura. Sai da idonta ya sauka ƙasa ta yi arba da kambas ja da kore. Ita kuwa tun makon jiya ta ɓoye masa sabon takalmi a bayan filo, kuma ta ci alwashin da shi zai je zaman nan.

"Mijin nawa, daga sama alhaji, daga ƙasa ɗan ƙwallo. Ciniki za ka ko tsere?"

"Ke me kika sani a takalmi? Silifa ɗaya kike ja tun kafin a haifi babana."

"Da ita na kori samarin da suka fi ka kyau. Ba don tausayi ba, da tuni na yi maka yaji."

"Bismilla. Wa zai kwashi mai haƙori biyu?"

"Uku ne, makaho."

"Kambas ɗin nan fa babu irinsa a kasuwa. Dillalan da kansu za su tambaye ni inda na samo."

"Za su tambaya mana, don su hana 'ya'yansu zuwa wurin. A bakin ƙofa ake tuɓe takalmi, yaro. Manya sun zare nasu sun shige, kai kana duƙe kana dambe da igiya, gindin riga na share musu ƙasa. Su ba ka kaya ko su ba ka alawa?"

Dogo ya sunkuyar da kai ya dubi kambas ɗinsa. Nan Kaka ta jawo kwalin takalmin daga bayan filo ta tura masa da ƙafa, wai ita ba ta damu ba. Baƙin sau-ciki ne na fata, marar igiya, sai sheƙi yake.

"Kai! Wa ya gaya miki lambar ƙafata?"

"In tambaye ka, kanka ya ƙara girma? Kana salla na gwada tsinken tsintsiya a jikin wannan jibgegen naka, na aika wa mai takalma."

"Ta waje kika auna?"

"Da ta ina? In cusa hannuna cikin wannan wari?"

Ya zura ƙafa ya yi taku ɗaya, sai diddige ya fito fat. Ya sake takawa, ya sake fitowa. Kaurin kambas ɗin duk ya shiga cikin awo. Kunya ta rufe Kaka, ta kau da kai tana gyara filon da ba ya bukatar gyara.

Dogo ya dube ta ya ce, "Daidai wa daida!"

"Maƙaryaci. Cire, ka sa tsiyarka ka tafi."

"A'a, an ba ni an ba ni. Ai mata ba ta ƙwace kyauta."

Sai ta zare ɗankwalin kanta, ta kama bakinsa da haƙoran nan uku ta keta gida biyu, ta dunƙule.

"Ungo, tura ta wajen yatsu."

Ya cusa, ya taka, takalmi ya kama ƙafa cif. Sai ya fashe da dariya.

"Na sallama, kin ci. Amma ki sani, yau wuni zan yi ina taka ki."

"Taka, mara kunya. In sun tambayi wa ya shirya ka, ka ce uwargida."

Ta bi shi har zaure kai ba ɗankwali, abin da ba ta taɓa yi ba. Maƙwabciya ta leƙo tana tambayar wane babban baƙo suka yi.

"Baƙo?" in ji Kaka, tana share ido da bayan hannu. "Nawa ne. Dubi ƙafarsa."