Nuriya Ta Cika, Ta Tafi da Fim Ɗina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake bakina ya ƙi rufuwa don murna, ni Adli Zahran na unguwar Anfushi a Iskandariya nake sanar da rasuwar na'urar majigina, Nuriya, wadda ta cika ranar Alhamis bayan la'asar tana da shekara talatin da ɗaya.

Marigayiya mai haƙuri ce. Sa'o'inta suna can suna nuna 'yan rawa, ita kuwa shekara bakwai tana haska abin da nake kankarewa da allurar matata a kan baƙin zaren fim, ɗigo-ɗigo, wai in nuna yadda haske ke shiga zuciyar mai zikiri. Ba ta taɓa cewa ba ta gane ba. Iyakarta "tar-tar-tar", in ta gaji ta ƙara da "ƙiii".

Ranar ajalinta mun toshe tagogi da barguna, domin Madam Kaliyofi mai gidan nunin zane ta zo ganin ko aikina ya isa a nuna wa jama'a. Kwafi ɗaya tak gare ni. Minti ashirin Madam tana hamma. Sai Nuriya ta yi tari, zaren ya maƙale a gaban fitila. A bango wani ɗigo ya buɗe, ya yi ja, ya yi ruwan zinariya, ya cinye duhun kaf, ɗaki ya yi fari fat. Ni kaɗai na san fim ɗina ne ke ci da wuta.

Abokina Labib mai zane ya zabura: "Allahu Akbar! Adli, ashe waliyyi muke raba sigari da shi?"

Madam tana share hawaye ta ce, "Farkon duk shirme ne, ɗana, amma ƙarshen nan! Ranar Asabar za ka maimaita shi a gidana."

Matata Wafiya, da bokitin ruwa a hannu, ta ce, "To waliyyi, matsa, bargo ya kama wuta."

Marigayiya ta bar ni, da faifan naɗe fim biyu wayam, da kyanwar da ke kwanciya a jikinta don ɗumi.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a saman gidanmu, akwai shayi da wake. Masu ta'aziyya kada su wahala da fure. Duk mai majigin da ke tari, wanda makanike ya fid da rai da shi, don Allah ya zo da shi kafin Asabar. Fim kuwa ko na 'yan rawa ne a kawo, tunda dai ƙonewar ake so.