Ɓarauniyar Ƙwan Tsohuwa Habsa

"...Lafiya lau, ƙawata. Ya kwanan ƙasusuwa?"

"Sun fi naki ƙwari. Tsaya nan! Me kike ɓoyewa a bakin zani?"

Ina shanya a tsakar gidanmu na unguwar Alabar na jiyo su. Kadijatu ce, wadda ke zuwa sabon asibitin jarirai inda wata Baturiya ke koya musu duba masu jego da yara, da kakarta tsohuwa Habsa. An kawo wa Habsa yayen Sumana, ɗan wan Kadijatu. Tun da aka cire shi daga nono koko kawai yake sha. Ƙafafu suka kumbura, gashi ya yi ja, dariya ta ɗauke. Wallahi duk gidan mun tsorata, faɗa ce kawai ba mai yi.

"Ba komai a zanina sai mutunci," in ji Kadijatu.

"Ke da mutunci? Wa ya ara miki? Zo nan ki gaya mini, wai da gaske kuna rataye 'ya'yan mutane a sikeli kamar kayan jirgin ƙasa?"

"Da gaske. Ke ma na so in kai ki, aka ce sikelin ba ya auna fata da ƙashi."

"Ja'ira! To in an auna sai me? Saye Baturiyar take yi?"

"Gani take ko yaro gaba yake yi ko baya. Ta ce koko zalla cika ciki ne kawai. A daka ƙananan kifi a zuba, a sa gyaɗa, a dafa ganyen kontomire, wato na gwaza, a murje."

"Ganyen Tonawan garin nan? Jikan Kanawa ya zauna yana cin ganye sai ka ce akuya?"

"Akuyar ai ta fi ki sheƙi."

"Uhm. Sai kuma me? Faɗi ina ji, ba don na yarda ba."

"Sai ƙwai."

"A'uzu billahi! Ƙwai? Duk yaron da ya ci ƙwai ɓarawo zai zama, kowa ya san wannan!"

"Ni kin taɓa ba ni ina ƙarama?"

"Allah ya kiyaye! Ko ɓawon ban bari kin lasa ba."

"To duba nan."

Ta kwance bakin zani, sai ga ƙwai da ɗuminsa, yanzu aka zaro shi daga akurki. Habsa ta dafe ƙirji ta rafka salati.

"Ashe ke ce gafiyar! Na ɗana tarko, na zagi kyanwar maƙwabciyarmu Maame Akosua har mun daina gaisawa!"

"Ni ce. Ban ci ƙwai ba, ga ni ɓarauniya. Ina maganarki ta kwana?"

"Wannan halin dangin uwarki ne. Wa kike kai wa, marar kunya?"

"Angonki Sumana. Kina shiga wanka nake murje masa gwaiduwa a koko. An kwana biyu ana yi."

Tsohuwa ta juya wajen Sumana. Ta ƙura wa ƙafafun yaron ido a kan tabarma.

"Ni kuwa na ɗauka turaren da nake masa ne ya sa kumburin ya fara saɓewa."

"Turare a hanci yake tsayawa, ƙawata."

"Rufe mini baki. Je ki dafa shi, in gani da idona."

Aka dafa. Habsa ta karɓa ta ɓare, tana jujjuya shi wai tana neman inda satar take. Ba ta ankara ba Sumana ya rarrafo, ya wafce daga hannunta, ya cusa a baki. Sai ya ƙyalƙyale da dariya, duk gwaiduwa a kumatu.

"Kun gani ko! Ya fara! A hannuna, da rana tsaka!"

Dariya take yi, amma hawaye na bin fuskarta, ni ma sai da na goge nawa da jiƙaƙƙen zanin da ke hannuna.

"Kadijatu, yara uku na binne a yaye. Ba wanda ya taɓa satar ko allura." Ta nuna akurkin da haɓa. "Na bar miki kazar, ɓarauniya. Wannan kuwa ya yi ta sata, in dai zai girma."