Ranar da Na Shafe Gonar Kawuna a Jiratawa

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Jiratawa ba, kuma ko na so in manta, kawuna ba zai bari ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Abin haushin ma, na duba gabas da yamma, babu wanda zan kama da laifi sai ni.

Lokacin ina aiki a wani ƙaramin biro a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Aka ba mu aikin rubuta program da zai lissafa awa nawa za a sakar wa kowace gonar rani ruwa gwargwadon girmanta, don manoma su daina faɗa a bakin kanal. Mu biyu ne a kai: ni da Hadiza, wata ƴar Tsibiri da ke zuwa kullum bisa kabu-kabu. Na riga ta fara aiki da shekara huɗu (kuma ban taɓa bari ta manta da hakan ba).

Da harshen program mai suna C++ muke rubutu. Kafin program ya tashi, sai ya bi ta hannun kompilatar, mai juya rubutunka zuwa abin da ordinatar, wato kwamfuta, ke ganewa. Ana gobe za mu kai aikin, sai kompilatar ya tubure. Wai akwai ayyuka biyu masu suna arrondi, wato masu datse wa lamba jela, wanne nake nufi? Ɗaya yana cikin rukunin Hadiza mai suna awo, ɗayan yana cikin wani tsohon rukunina mai suna buhu. Ni kuwa tun daga saman shafi na buɗe rukunan biyu, don ƙyuyar rubuta dogon suna. Kamar ka tsaya a ƙofar gida mai Sani biyu ka ƙwala kira, "Sani!"

Hadiza ta leƙo ta ce, "Yaya, ka rubuta cikakken suna mana, awo::arrondi. Wuri bakwai ne kawai."

Na ce, "Ke za ki koya mini? Ina wannan aikin kina lakwal!"

Cikin fushi na ƙara layi ɗaya mai cewa duk inda aka ga arrondi, nawa ake nufi. Kompilatar ya yi tsit. Na gwada da gona mai ekta biyar, daidai. Ekta goma, daidai. Na harari Hadiza na rufe ordinatar. Abin da na manta shi ne, don ƙirgar buhunan hatsi na rubuta nawa arrondi ɗin. Duk abin da bai cika ɗaya ba zubar da shi yake, tunda ba a loda rabin buhu a mota.

Washegari ga mu a rumfar kooperatib ɗin manoman Jiratawa, an kafa projektar, shef ɗinmu na biro ya sha babbar riga. Kawu Ila, yayan mahaifiyata, yana sahun gaba da abokansa, yana nuna ni da sanda: "Ɗan ƙanwata ne, shi ya ƙera abin." Ya ce a fara da gonarsa. Na shigar da girmanta, sulusin ekta, ina murmushi.

Allo ya nuna: gona, sifiri. Ruwa, awa sifiri.

Na ce wataƙila yatsa ne ya zame. Na sa ta maƙwabcinsa, sifiri. Ta shugaban kooperatib, sifiri. Jama'a, duk rumfar nan babu mai cikakkiyar ekta! Ni da na tashi ina cin tumatirin Jiratawa, da ekta goma na yi gwaji, sai ka ce gonar wani Alhaji.

Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Dama mun ji za a ƙwace filaye! Ga shi an fara shafe mu a na'ura!" Wuri ya kaure. Kawu bai ɗaga murya ba, ya dube ni ya ce, "Shekara talatin ina ban ruwa a wurin nan. Yau kai ne ka ce ba ni da gona?"

Nan ne na tafka babbar. Maimakon in yi shiru, sai na ce da ƙarfi, "Sashen awo ba ni na rubuta ba!"

Hadiza ta matso. Ta jawo ordinatar, ta buɗe rubutun, projektar yana haska shi a bango. Ga layina nan, ga sunana a gefensa (ni ke sa suna a duk layin da nake alfahari da shi). Ta goge shi, ta rubuta cikakken suna wuri bakwai, lissafi ya fito daram. Sannan ta ce a hankali, "Yaya, buhunka ne." Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Gyaran bai yi amfani ba. Manoma suka ce ba su yarda da na'urar da ke ba da gona ta ƙwace cikin minti biyar ba, suka ci gaba da tsohon rabonsu. Shef ya damƙa wa Hadiza aikin, yanzu ita ke duba rubutuna kafin ya fita.

Abin da na koya: in na'ura ta tambaye ka "wanne?", ba raini ba ne, rufin asiri take nema maka. Yanzu kowane aiki da sunan gidansu nake kiransa, ko yatsuna za su tsinke. Kawu kuwa duk rani sai ya aiko mini da kwandon albasa, da saƙo ɗaya da ba ya canjawa: "A kai wa injiniya, daga gonar da babu."