Rasuwar Kumbo Tsallake-Wata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai huce ba, mai haɗa kayan shirinmu na barkwanci yana sanar da rasuwar kumbonsa, wanda ma'aikata suka fi sani da Tsallake-Wata. Ya rasu a ɗakin ɗaukar shiri, gaban koren ƙyallen da ake ɗaukar hoto a jikinsa, a hannun waɗanda suke cin abinci ta dalilinsa.

Marigayin ɗan gidan mutunci ne. Asalinsa babbar kular abinci ce ta matar mai haɗa kaya, gadon mahaifiyarta, wadda ya aro da rantsuwar zai mayar ba ko ƙwarzane. Ya naɗe ta da takardar azurfa, ya liƙa mata fukafukan fanka, ta zama kumbon da ke kawo baƙi daga wata duniya.

An shaidi marigayin da haƙuri. Yakan wuni yana reto a jikin igiya ba ƙorafi. Bai taɓa makara ba, bai taɓa neman a yi masa fifita ba, abin da jarumin shirin ba zai iya faɗa game da kansa ba. Maganarsa a cikin shirin ɗaya ce, "ƙiiir-ƙiiir," kuma bai taɓa manta ta ba.

Ciwon ajalinsa darakta ne, mutumin da ke sa baƙin tabarau a cikin ɗaki. Kowa a sana'ar nan ya san fashewa ita ake ɗauka a ƙarshe, kuma kumbon kwali ake fasawa, ga shi nan an tanada. Shi kuwa darakta da ita ya ga damar farawa, ya kuma dage cewa idon mai kallo zai gane kwali, sai dai a fasa na gaske. Mai haɗa kaya ya je ɗauko gam, daga tsakar gida ya ji kalmar marigayin ta ƙarshe: "ɗau!"

Da aka kalli hoton, darakta ya taɓe baki, wai fashewar ba ta ba shi dariya ba, a yanke ta. Sauran fitowar kumbon kuma aka gyara labari, yanzu baƙin sama a ƙafa suke zuwa.

Ya rasu ya bar murfi, da igiya, da kumbon kwali cikin ƙoshin lafiya, da 'yan wasa shafe da koren fenti waɗanda ba su da abin komawa gida. Ya kuma bar mai kular, wadda har yanzu ba ta ji ba, tana jiran kayanta domin ta yi wa baƙi girki.

Za a yi jana'iza gobe a bayan ɗakin kaya, kusa da bola. Ba a gayyaci darakta ba. Ana karɓar gaisuwa a nan wurin aiki, inda mai haɗa kaya yake kwana rungume da murfin tun ranar. Masu niyya su hanzarta, domin matarsa ta aiko cewa jibi za ta zo da kanta ta karɓi kularta, kuma wataƙila gaisuwar ta zama biyu.